Kakin Mota: Daga Garejin Turai zuwa Bakin Kwaltar Maraɗi

Kakin mota mai ne mai kauri da ake shafawa a jikin fenti, a bari ya sha iska, sannan a goge. Abin da ya rage bayan gugar wani siririn rufi ne da ido ba ya gani, wanda ke hana ruwa da dauɗa kama fentin, ya kuma ƙara masa ƙyalli. Mafi shahara cikin kayan haɗinsa shi ne kakin karnauba, wanda ake kakkaɓowa daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil. Ya fi kakin zuma tauri nesa ba kusa ba: na zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, shi kuwa sai zafi ya haura digiri 80. Saboda wannan taurin ake cuɗa shi da mayuka da wani ruwa mai saurin tashi, domin ya yi laushin shafawa. Da an shafa, ruwan ya bi iska, kakin ya zauna. Galibin wahalar shafawa da gogewa daga nan take tasowa, wato ruwan ya tashi da wuri fiye da kima, ko ya ƙi tashi.

Manyan kamfanonin wannan sana'a a Amurka suka taso. Meguiar's ya fara a 1901 da man goge kayan katako, Simoniz da Turtle Wax kuwa 'yan birnin Chicago ne, garin da ƙanƙara ke rufe tituna duk shekara. A can da arewacin Turai ana barbaɗa gishiri a kan hanya lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin kuma yana cin ƙarfe. Shi ya sa mai mota a Jamus ko Kanada yake shafa kaki kafin sanyi ya shigo, yawanci cikin gareji mai rufi da daɓen siminti, inda zafi ba ya wuce digiri 15 zuwa 25. A garuruwa da dama na Jamus ma doka ta hana wanke mota a bakin titi ko a kan ƙasa, don kada ruwan sabulu da mai ya gangara cikin ruwan ƙasa. Umurnin da ke jikin gwangwani, a shafa wa mota a jira mintuna kaza a goge, an rubuta shi ne da wannan gareji a zuciya.

Gwangwanin nan kan iso jihar Maraɗi, haka ma motocin, waɗanda akasarinsu na hannu ne daga Turai da Amurka, irin waɗanda ake kira 'yan Kwatano. Garejin ne ba ya biyo su. Babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ta ratsa Gidan Runji da Tsibiri kafin Maraɗi, sannan ta wuce Cadawa da Agiye da Gazawa zuwa Tasawa. Da mota ta sauka daga wannan kwalta ta nufi kasuwar ƙauye, sai jar ƙasa da yashi. Wankin mota a waɗannan garuruwa sana'ar samari ce a bakin tasha ko gindin dogon yaro, da bokiti da soso da omo da tsumma, ruwa kuma sau da yawa daga hannun 'yan garuwa. Mai mota ba kasafai yake taɓa soso da kansa ba. Idan ya sayo kaki a birni, yaron wanki zai miƙa wa, shi kuwa yaron zai yi aikin a lokacin da motar ta samu sarari, wanda sau da yawa tsakar rana ne.

Zafi shi ne babban mai laifi. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a Maraɗi yana kai digiri 40 har ya wuce, murfin injin baƙar mota da ta sha rana kuwa yana iya kai 70. Kaki ya sauka a kan irin wannan ƙarfe, ruwansa zai tashi kafin hannu ya gama baza shi. Sai ya yi fari-fari, ya ƙafe kamar busasshen koko a jikin ƙwarya, a yi ta dirza yana tashi gari-gari yana barin zane. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗora bayan hannu a jikin motar, idan akwai ɗumi a dakata. Inuwa kaɗai ba ta wadatar ba, domin motar da ta taso daga Gazawa ta tsaya a Agiye injinta na nan da zafi, murfin ba zai huce nan take ba. Lokacin da ya dace shi ne da sassafe bayan asuba, ga motar da ta kwana a tsaye. Kuma maimakon a shafe ta duka a dawo gogewa, a ɗauki ƙofa ɗaya ko rabin murfi, a gama da shi kafin a matsa gaba.

Ƙura kuwa matsala ce da umurnin gwangwani bai san da ita ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta baza ta a kan komai. Kakin da bai bushe ba yana kama ta. Idan aka goge, ƙwayoyin yashi na cikinta su ne za su bi tsumma suna karce fenti, a wayi gari motar na da zobe-zoben zane da ke bayyana in rana ta haska ta. Safiyar hunturu tana da wata illa daban: sanyi na daskarar da kakin cikin gwangwani, soso ya kasa ɗebo shi daidai, sai ya ɗebo curi. Ranar da hazo ya rufe gari, gara a haƙura.

Fentin kansa ma yana da nasa rabon laifin. Tun wajen shekarun 1980 yawancin motoci ke fitowa da rufi mai garai-garai a saman launi, wanda kaurinsa bai kai na takarda ba. Motar da ta yi shekara goma a Turai ta zo ta ƙara wasu a ranar Maraɗi, wannan rufi ya riga ya ƙone, ya yi kaushi, wani wuri ya fara saɓulewa a rufin mota da murfin inji. Ƙonannen fenti yana shanye kaki ya riƙe shi, gogewa ta gagara komai sanyin safiya. A nan folish ake buƙata tukuna, shi ne mai ɗan kaifi da ke kankare mataccen fenti. Kaki ba ya gyara komai, rufewa kawai yake yi. A Turai da Amurka ana kuma bi da wata laka ta roba mai cire ƙananan abubuwan da suka maƙale. Mai wanki a Gidan Runji zai iya gane buƙatar da tafin hannunsa: idan an wanke an tsane amma jikin na da ƙurji-ƙurji, bai isa kaki ba. Motar da mai fenti ya sabunta kuwa a ba ta wata ɗaya zuwa uku fentin ya gama bushewa.

Akwai kuma yawan lafta, wanda laifin hannu ne. Mai mota ya kashe kuɗi, yana son ya ga kakin a jikin motarsa, yaron wanki kuma yana son ya nuna ya yi aiki. Alhali abin da ke kama fenti bai taka kara ya karya ba, sauran duk gogewa za a yi a zubar. Shafa mai kyau ita ce wadda da ƙyar ake ganinta. Ana gane lokacin guga da ɗan yatsa: a ja shi a kan wurin, idan ya bar layi tas ya yi, idan ya bar maiƙo a ƙara jira. Inda kaki ya riga ya ƙafe, ƙarfi ba ya fitar da shi. A shafa sabo kaɗan a kai, ruwan sabon zai tausasa tsohon, a goge nan take. Tsumman tsohuwar riga yana cika da wuri ya koma baza kakin, don haka a tanadi tawul mai laushi biyu ko uku, ana juyawa. A kiyaye baƙar robar bamba da ta gefen gilashi, kaki na barin farin tabo a kansu mai wuyar fita.

Bayan an sha wannan wahala, omo ne ke rushe ta. An yi shi don cire maiƙo daga tufafi, don haka yana rage kakin a kowane wanki, yayin da sabulun mota na musamman da ake amfani da shi a Turai yake barin sa. Ruwan rijiya ko na burtsatse da aka bari ya bushe da kansa yana barin ɗigon farin tabo, kaki kuma ya rufe shi a ciki. Wasu masu wanki na zuba ɗan gazuwal, wato man dizal, a ruwan ɗauraya don mota ta yi sheƙi. Tana yi kuwa, na wuni ɗaya, kafin maiƙon ya tara ƙura, kuma kaki ba ya zama a kansa.

Kakin karnauba da kan yi wata biyu ko uku a ƙasar sanyi ba ya kai haka a nan. Na roba, wanda ake haɗawa a masana'anta, ya fi jure zafi, na feshi kuma ya fi sauƙin gogewa duk da ba ya daɗewa. Ga motar haya da ke bin kasuwannin ƙauye kullum, na feshi bayan wanki ya fi dacewa da na gwangwani. Da damina danshi na jinkirta bushewa, sai an ƙara jira kafin guga. Gwangwanin kuma a ajiye shi a ɗaki da murfinsa a rufe, domin wanda aka bari a but ɗin mota narkewa yake yi ya rabu, ruwansa ya tsere. Idan aka watsa ruwa a murfin inji ya tsaya ƙwaya-ƙwaya, kakin na nan. Idan ya kwanta ya baje, lokacin sabuntawa ya yi.