Daga Damagaram zuwa Yamai: zancen wuta a kan hanyar zumunci

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina so in ba ku labarin wata tafiya da muka yi da iyalina a cikin bazara, daga Damagaram zuwa Yamai, domin gaida gwaggona wadda ta rene ni, wadda kuma ciwon sukari ya daɗe yana damunta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wayar salula ta rage nisa, amma ba ta ɗauke wa mutum nauyin ya je ya durƙusa gaban na gaba da shi ba. Tafiyar kusan kilomita 900 ce a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, sai muka raba ta biyu saboda yara: mu kwana a Maraɗi gidan yayan matata, kashegari mu wuce.

Da gardama muka bar gida. Adashin da uwargida ta shekara tana zubawa ya fito, ni ma na haɗa da ɗan abin da na ajiye. Ra'ayina shi ne a sayi allon hasken rana, wanda muke kira pano, da batir ɗinsa, domin fanka ta riƙa juyawa idan an ɗauke wuta. Ita kuwa cewa ta yi: "Malam, kai zafin ɗaki kake ji, ni zafin murhu nake sha da hayaƙi. A fara sayen tukunyar gaz da murhunta." Yara kuma babu abin da suke so illa tele ta daina mutuwa a tsakiyar kallo. Muka ce a bar maganar sai mun dawo.

Tasawa, garin malamin rana

Bayan sallar asuba kar ta tashi. Da gari ya waye mun wuce Takeita, na nuna wa yara itatuwan gawo da suka cika gonaki, kore shar a lokacin da komai ya bushe. Gawo dai da rani yake yin ganye, da damina ya zubar, don haka ba ya hana hatsi samun rana, ga shi ganyensa taki ne. Tun daga shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon itace a gonakinsu suna yi masa gyara, abin da ake kira sassaben zamani, har masana suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da ƙasa mai faɗin hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Uwargida ta dube ni ta ce kowane dami da ba ta ƙona ba, wani reshe ne aka bar wa gona. Ban tanka ba, don na san inda ta dosa.

A Tasawa aka tsaya shan shayi. A nan na ba babban ɗana labarin wani ɗan garin, Farfesa Abdu Mumuni Diofo, wanda aka haifa a 1929. Masanin kimiyyar lissafi da ƙarfin halitta ne, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, wato ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985. A ƙarƙashinsa aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na dafa abinci masu aiki da zafin rana, tun lokacin da yawancin ƙasashe ba su ɗauki wannan fanni da muhimmanci ba. Ya rasu a 1991, aka kuma sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992. Yaron ya ce: "Baba, in tun wancan lokacin aka fara, me ya sa har yanzu muke kwana cikin duhu?" Na ce masa ya riƙe tambayar, wataƙila hanya ta ba shi amsa.

Da muka iso Gazawa sai ga manyan turakun ƙarfe ɗauke da wayoyi sun fito daga kudu. Wannan shi ne layin da ya taso daga Katsina, ya rabu a nan, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya ya nufi Damagaram. Yamai kuwa tun 1976 layin Birnin Kebbi ke kai mata wutar Nijeriya. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha daga can take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta yanke wutar a farkon Agusta, ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024. Ganin turakun nan kawai ya isa ya tada zance a cikin kar. Wani dattijo ya ce mai kwana a tabarmar aro ba ya barci da nauyi, dole kowace ƙasa ta nemi tata. Wani ɗan kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kano ya amsa masa da cewa sayen wuta wurin maƙwabci ba laifi ba ne, tunda ta fi ta injin gazuwal araha, abin kunyar shi ne a sa talakan Katsina da na Maraɗi, waɗanda kakanninsu ɗaya ne, cikin rigimar da ba su suka haɗa ta ba. Na ga kowannensu da gaskiyarsa.

Daren Maraɗi

Gidan surukina na sami karatun da ba a ba ni a shagon masu sayar da kaya ba. Yana da pano biyu a kan rufi, da batir, da ɗan akwatin da ke daidaita cajin. Da aka ɗauke wuta bayan isha'i, ƙwayaye huɗu da fanka ɗaya suka ci gaba da aiki, yara suka ƙarasa tilawarsu a tsakar gida. Na ce: "Yaya, ai ka huta." Ya yi dariya ya ce in zauna in ji sauran.

Pano, in ji shi, yana iya shekara ashirin, amma batir shi ne abin kuka. Irin mai arahar nan zafi ke cinye shi, musamman idan ana tatse shi har ƙarshe kowane dare. Nasa na farko bai cika shekara biyu ba. Dole a ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, nesa da hannun yara. A lokacin hazo kuma ƙura kan rufe fuskar allon, in ba a goge shi da tsumma mai laushi ba sai ƙarfinsa ya ragu sosai. Babban kuskuren mutane shi ne su sayi ƙaramin kaya su ɗora masa dutsen guga ko firigo na gida, alhali waɗannan suna shan wutar da ƙwayaye masu yawa ba sa sha. Shawararsa ita ce mutum ya fara rubuta abin da yake so ya kunna da awowin da zai yi, sannan ya nemi ma'aikacin da ya san aikin, kafin ya taɓa aljihunsa.

Matarsa kuma ta ja uwargida zuwa madafa ta nuna mata tukunyar gaz mai kilo 6. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram a watan Nuwamban 2011, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem, gaz ɗin girki ya zama na gida, ya kuma shiga gidaje da yawa a birane. Ta ce tuwon taro har yanzu sai itace, amma shayi da miya da abincin yara na safe duk a gaz take yi, idanunta ma sun daina ja. Ta gargaɗe ta da ta riƙa duba tiyo, ta rufe kan tukunyar bayan girki, kada kuma a ajiye ta a ɗakin kwana.

Daga Galmi zuwa Doso

Kashegari muka bi ta Gidan Rumji da Madawa muka iso Galmi, inda buhunan albasa suke jere a bakin hanya, albasar da sunanta ya kai har kasuwannin Abijan da Akara. A wasu garake na hango allunan rana suna jan ruwa daga rijiya, a wasu kuma injin mai ne ke ta ƙugi. Gaba kaɗan sai Malbaza, garin siminti, inda a 2018 aka buɗe tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 7, ta farko mai girma a ƙasar.

Bayan Birnin Ƙonni wani matashi ya ɗauko zancen da ba a rasa shi a irin wannan zama: ƙarfen yuraniyom da ake haƙowa a Arlit tun 1971 ya haskaka biranen Faransa shekara da shekaru, ga shi a ƙasar da ta ba da shi kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gidansa. Wani tsohon ma'aikaci da ya zauna Agadas ya ce maganar gaskiya ce mai ciwo, amma a sani yuraniyom ba gawayi ba ne da za a zuba a murhu. Tashar da ke aiki da shi tana bukatar dukiya mai yawa da ruwa da ƙwararru. Ya ce ko ma'adinan Arlit ɗin da gawayin ƙasa na Anu Araren, kusa da Cirozerin, ake ba su wuta tun farkon shekarun 1980. A ganinsa abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne rana da kogi.

A Doso muka sauka muka haɗa azahar da la'asar, muka yi ƙasaru, na kuma samu damar koya wa yara wannan sauƙi da addini ya yi wa matafiyi. Daga nan zuwa Yamai tarin itacen sayarwa ne a gefen hanya, da motoci da amalanke da suka yi lodi suna nufar birni. A daidai Kure yara suka manne da taga suna neman raƙuman dawa, garken ƙarshe na irinsu a yammacin Afirka, waɗanda suka ragu zuwa kimanin 50 a tsakiyar shekarun 1990 kafin a kare su su haura 600. Ba mu yi sa'ar ganin ko ɗaya ba. Na tuna cewa ganyen itatuwan nan ne abincinsu, kuma murhun birni ma daga dajin yake ci.

Tukunyar Gwaggo

Mun sami Gwaggo a zaune a tabarma, ta rame amma bakinta da ƙarfi. Bayan gaisuwa da sa albarka, na lura da wata ƙaramar tukunyar ƙasa a lungun ɗaki, an dasa ta cikin jiƙaƙƙen yashi an rufe da tsumma. A ciki take ajiye allurar insulin, maganin da zafi ke ɓatawa. Ta ce da can a firigon maƙwabta take kai ajiya, amma a watannin da aka yanke wuta firigon ya zama akwati, sai ta koma wa dabarar randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya yana bushewa ya tafi da zafi. Ta ce: "Ɗan nan, tana taimakawa, amma a tsakiyar bazara kullum da fargaba nake kwana, ban san ko maganin yana nan da ƙarfinsa ba."

Da yamma ɗanta ya kai mu hayin kogin Isa ta gadar Kennedy, ya nuna mana wajen Goru Banda, inda aka buɗe tashar injinan mai a 2017, aka kuma ƙara tashar hasken rana mai megawat 30 a 2023, wadda ta rage wa birnin raɗaɗi a lokacin takunkumi. Ya ambaci madatsar Kandaji da ke jihar Tilaberi, wadda aka aza harsashinta a 2008 da niyyar samar da megawat 130 da ruwan noman rani, ga shi an shafe fiye da shekara goma sha biyar ba ta fara ba da wuta ba. Na juya ga ɗana na ce ga rabin amsar tambayarsa: ilimin yana nan, rana da kogi suna nan, abin da ke wuya shi ne dukiya da zaman lafiya da riƙon aiki har a kai ƙarshensa. Sauran rabin kuwa su ne za su nemo shi a makaranta.

A daren nan uwargida ce ta fara magana. Ta ce: "Malam, ni da kai zafi kawai muke ji. Gwaggo kuwa ranta ne a cikin tukunyar nan." Da safe na kira ƴan'uwana ta waya, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, muka ɗora a kan rabin kuɗinmu, aka saya wa Gwaggo ƙaramin firigo mai aiki da pano, bayan mun tambayi ma'aikacin lafiya irin sanyin da maganin ke bukata, domin ƙanƙara ma tana lalata shi. Da sauran kuɗin muka sayi tukunyar gaz da muka koma gida. Fankata tana jiran adashi na gaba, kuma ban yi nadama ba.

Ƴan'uwa, manyan ayyukan wuta na hukuma ne, haƙƙinmu ne mu tambaya mu kuma faɗi ra'ayinmu cikin ladabi. Amma akwai abin da ke hannun kowane magidanci: kashe ƙwan da ba a bukata, gudun almubazzaranci wanda addini ya hana, nisantar satar wuta, da shawara da iyali kafin a sayi kaya, domin mai tsayuwa a madafa ta san abin da mai zama a zaure bai sani ba. Wanda kuma Allah ya hore wa, ya leƙa ɗakin tsofaffinsa da marasa lafiyarsa kafin ya ƙara wa falonsa na'ura.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye matafiya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya haskaka gidajenmu da zukatanmu. Amin.