Ranar da Sannu Ta Kusa Hana Ni Zuwa

Wasiyya ɗaya mahaifina ya bar mini game da tuƙi: sannu ba ta hana zuwa. Na riƙe ta kamar laya.

Wata rana bayan la'asar na hau titin Nnamdi Azikiwe daga Mando zuwa Kurmin Mashi, ɗiyata na barci a kujerar baya. Na lafe a layin hagu, na masu wucewa, ina tafiyar kilomita 30 a awa, ina ganin babu mai hankali a titin kamata. Sai na ji ƙugin tirela a ƙeyata. Hanyar nan manyan motocin Kano da Zariya ke bi zuwa Abuja, kuma mota mai lodin siminti ba ta tsayawa nan take don an taka birki. Direban ya karkata dama, saura ƙiris ya shafe wani mai Keke Napep.

Muka tsaya a gefen titi. Dattijo ne, sa'an mahaifina. Bai zage ni ba.

"Ɗana," ya ce, "in ba tafiya za ka yi ba, riƙe hannun dama."

Har na isa gida ƙafata na rawa a kan totur. Yarinyar ko motsawa ba ta yi ba.