Kafaɗar Ɗan Jagora

Ina aji huɗu a firamare ciwon ido ya raba Kawu da ganinsa, aka ce ni zan riƙa yi masa jagora. Ba bara yake yi ba, teburin goro gare shi kusa da Babban Masallacin Juma'a na Jos. Daga Gangare muke tasowa cikin sanyin safiya mai ratsa ƙashi, hannunsa na dama a kafaɗata. In mun iso kwata sai in ce, "Kawu, tsallaka." Ya ce, "Babba ce ko ƙarama, ɗan nan?" Kafin in zaunar da shi in ruga makaranta an riga an gama darasin farko.

Sai da na girma na ji cewa a wasu ƙasashe kare ke yin wannan aikin, kuma yaƙi ne silar abin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya iskar guba da harsashi sun makantar da sojojin Jamus masu ɗimbin yawa, sai wani likita, Gerhard Stalling, ya buɗe makarantar horar da karnukan jagora a Oldenburg a 1916. A 1927 wata Ba'amurkiya mai horar da karnuka a Suwizalan, Dorothy Eustis, ta rubuta abin da ta gani a irin wannan makaranta a Potsdam. Aka karanta wa wani saurayi makaho, Morris Frank, ya yi tattaki har wurinta, ya koma Amurka a 1928 da karya mai suna Buddy. Shekara na zagayowa suka kafa makarantar The Seeing Eye. Ingila ta bi sahu a 1931.

Karen ba shi ke zaɓen hanya ba. Mai shi ne ya san inda za shi, ya saurari motoci, ya ba da umarni. Na kare shi ne tsayawa a bakin titi da kauce wa rami da reshe. Sannan ana koya masa ƙin bin umarni: in aka ce ya wuce alhali mota na tafe, sai ya toge. Wannan na san shi a jikina. Sau da yawa Kawu kan ce mu je, ni kuwa in kafe don na hango ɗan acaba ya taho a guje. Nauyin ran mutum ke nan aka ɗora wa yaron da bai gama haddar Izu biyar ba.

Ban ga karen jagora zai samu gindin zama a Jos nan kusa ba. Rainonsa da horonsa kan ci kusan shekara biyu da kuɗi masu yawa, ga kwatoci a buɗe, ga 'yan tireda sun cinye gefen titi, ga ƙyamar kare a gidajenmu, duk da cewa a 2008 malaman shari'a a Ingila sun amince wani saurayi makaho ya riƙa zuwa masallaci a Leicester da karensa, ya bar shi a wurin da aka tanada.

Amma muna da abin da ya fi kusa. Tun 1953 mishan ɗin SUM ya buɗe makarantar makafi a Gindiri, ta farko a Nijeriya. Wani abokina da ya fito daga can, ya yi Jami'ar Jos, shi kaɗai yake zuwa aiki da farar sandarsa. Yana kaɗa ta dama da hagu, taku ɗaya a gabansa, yana gane bakin kwata kafin ƙafarsa ta kai. 'Ya'yansa kuwa suna aji tun ƙarfe takwas.

Waɗanda suka fi damuna su ne irin su Kawu, da makanta ta same su da furfura. Su ne ake ba yaro. A tura masu koyar da tafiya da farar sanda cikin unguwanni, a bi ta hannun Sarkin Makafi da limamai, a koya wa dattawan nan a ƙofar gidajensu. Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuma ya cika. A fara da rufe kwatocin titin Bauchi da na Taminus.