Ƙafafun Fijon Baba

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa aka zo rabon gado, ƙannena suka zaɓi gona da fili, ni kuwa na ce a yi wa motar kuɗi a sa ta cikin kasona. Fijo 504 ce mai dogon baya, wadda muke kira familiyal, mai layi uku na kujeru, haɗin Kaduna. Baba ya saye ta a hannun wani a shekarar da aka haife ni, ya yi fiye da shekara ashirin yana jigilar mutane da ita tsakanin Maraɗi da Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya. Da kuɗinta aka ciyar da mu, da kuɗinta aka biya mini lakwal.

Duk wanda ya taso a yankinmu ya san darajar wannan mota. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a hannun Ove Andersson, kuma a shekarar ce masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara aiki. Turawa sun daɗe da barinta, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000. Direbobi kan ce sirrinta yana ƙafa. A gaba, kowace taya da nata sifirin da shokozoba a haɗe. A bayan familiyal kuwa ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, yana ɗauke da sifirin huɗu, biyu a kowane gefe, shi ya sa take ɗaukar mutane da buhuna ba ta durƙusa ba.

Abu ɗaya ya dame ni da ita, wato nauyin sitiyari. In za ka juya ta a tsaye sai ka haɗa gumi. Sai wani aboki ya ba ni labarin cewa 505, wadda ta fito a 1979, a kan ƙashin 504 aka gina ta, don haka kayan ƙafarsu da yawa suna shiga juna. Ya ce in samo ƙarfen sitiyarin 505 mai aiki da mai, in haɗa da ƙafafun gabanta, motar za ta koma kamar ta yau.

Akwai wani tsohon makanike, aminin Baba, wanda shi kaɗai Baba ke yarda ya taɓa motar. Kawu muke ce masa. Na je masa da maganar, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗana, wace 505 ce za ka cire wa ƙafa, mai isansi ko mai gazuwal?” Na ce ai duk 505 ce. Ya ce in bar masa motar mako biyu. Mu ƴan rediyo baki ne jarinmu, sai na cika shi da bayanin da na tsinto, na tafi a raina ina cewa tsufa ne ke sa shi nawa.

Na tsallaka Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Can na gane ko sunayen kayan sai da tafinta: abin da muke kira amortisar su shokozoba suke cewa, bolan ɗinmu sitiyari, resor kuma sifirin. Na sayo ƙarfen sitiyari da famfonsa da tiyonsa, da ƙafafun gaba guda biyu ƴan Beljiyam. Ban tambayi daga wace irin mota aka ciro su ba. Wani matashin makanike ya ɗaura mini su cikin kwana biyu. Kusoshi suka shiga ramukansu, ya buga bonet ya ce, “Yallaɓai, ai kamar don ita aka yi su.” Na lura gaban motar ya ɗan ɗaga, sai na ga ma kyau ya ƙara mata. A kan gudro cikin gari, da yatsa biyu nake juya sitiyari.

Mako na biyu aka yi haihuwa a ƙauyensu Inna, na ce ni zan kai ta. Ta zauna a baya da ƙanwata da goyonta. Muka bar gudro muka hau jar hanya mai gargada, irin wadda ke kaɗa haƙora. A wata kwana da na sha bi, na juya sitiyari hagu, motar ta ci gaba da tafiya miƙe kamar ba da ita nake ba. Gaban yana tsalle, bayan yana lilo. Na taka birki, muka gangara cikin gonar hatsi, muka tsaya taku kaɗan daga gindin wani gawo. Ba wanda ya ji ciwo. Inna ta gama salati, ta gyara lulluɓinta, ta ce, “Shekara ashirin mahaifinku yana bi da ni ta nan, ban taɓa riƙe kujera ba.” Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kashegari na kai wa Kawu motar kaina a sunkuye. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya danna gaban motar da hannu biyu, ko motsi ba ta yi ba. Ya danna bayan, ta yi ta rawa har sau uku. Ya ce, “To ga amsarka.” Ashe ƙafafun na 505 mai gazuwal ne. Injin gazuwal ya fi nauyi, don haka sifirinsa ya fi tauri. Da aka sa shi ƙarƙashin injin isansi sai ya ɗaga gaban, tayoyin suka daina lafewa a ƙasa, suna tsallake gargada maimakon su bi ta. Ɗagawar ta kuma karkatar da saitin tayoyin, ba a kuwa sake daidaita su ba. Shokozoban baya sun daɗe da mutuwa, ni ban ko duba su ba. Sitiyari mai laushin nan kuma ya ɓoye mini duk wannan, don hannuna ya daina jin abin da taya ke ji.

Na ce, “Kawu, a cire komai a mayar da ita yadda ta fito daga Kaduna, yadda Baba ya bar ta.” Ya yi dariya har da tari. Ya sa na kwanta ƙarƙashin motar tare da shi, yana haska tocila. Wannan hannun ƙafar daga wata 504 da ta yi hatsari aka ciro shi. Waɗancan robobin na 505 ne. A jikin kowane akwai ɗigon farin fenti. Ya ce, “Duk inda ka ga fari, ni da mahaifinka muka canja. Rabin ƙafar motar nan aro ne. Amma ba mu taɓa canja dama mu bar hagu ba, ba mu taɓa gyara gaba ba mu duba baya ba. Kuma kafin ya ɗauki ɗan mutum, sai mun loda mata buhun hatsi shida mun bi jar hanya da ita.”

Na daɗe kwance a ƙasan nan ina kallon ɗigon fentin. Ni ina zaton ƙarfe na gada, ashe abin da ya riƙe motar shekara da shekaru haƙurin mutum biyu ne da ke tambayar kowane ƙarfe daga ina ya fito, wane nauyi aka yi shi ya ɗauka. Kusa ta shiga rami ba ya nufin kayan sun dace.

Kawu bai jefar da sayayyata duka ba. Ya bar sitiyarin 505, ya ce ba laifinsa ba ne. Ya mayar da sifirin da ya dace da injin isansi, ya sa sabbin shokozoba gaba da baya, aka kai ta aka daidaita tayoyi a kan na'ura. Mako biyun da ya nema tun farko, su ɗin dai aka yi. Ranar gwaji na aro buhu shida a wurin wani ɗan kasuwa, muka bi kwanar nan sau uku, Kawu yana gefena bai ce uffan ba. Da muka dawo ya miƙo mini gwangwanin fenti da tsinke, ya ce in ɗiga da hannuna.

Har yau Inna ba ta sake shiga motar ba. Na ce mata an gyara, ta ce ta ji. Sallah mai zuwa za a je ƙauye gaisuwa, ban sani ba ko za ta yarda in kai ta. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Kawu lafiya.