Sabo Ta Badun: Inda Hannu Ɗaya Ke Riƙe Da Ɗinki Goma

Duk mutumin Arewa da ya taɓa sauka Kurmi neman abinci ya san sunan Sabo ta Badun, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka ta ba. Badun, watau Ibadan, ita ce hedkwatar Jihar Oyo tun daga 1976, kafin nan kuwa ita ce mazaunin Gwamnatin Jihar Yamma. Gari ne mai faɗin gaske wanda ya bazu bisa tuddai. In mutum ya hau tudun Mokola ya duba, sai ya ga jan rufin kwano iyakar ganinsa, ga kuma dogon benen nan na Cocoa House, wanda aka buɗe a 1965, yana tsaye can wajen Dugbe. A gindin wannan tudu, daura da filin wasa na Adamasingba, nan unguwar Hausawa take.

A 1916 aka kafa Sabo. Kafin wannan shekara Hausawa suna zaune ne a warwatse cikin gidajen Yarbawa a tsakiyar gari. Abin da ya ƙara yawansu shi ne hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Badun daga Ikko a 1901, ta kai Kano a 1911. Daga nan sai shanu suka riƙa gangarowa Kudu, goro yana hawa Arewa, 'yan Sabo kuwa su ne a tsakiya. Baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in an ba da bashi. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar cikin 1962 da 1963, ya ƙidaya mutum sama da 4,000 a cikinta, ya kuma nuna cikin littafin da ya fitar a 1969 cewa wannan ciniki duka a kan amana ya tsaya, ba a kan takarda ba. Shi ne kuma ya ba da labarin yadda galibin mutanen unguwar suka shiga ɗarikar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, har suka tsai da nasu masallacin Juma'a a 1952.

Yau kasuwar shanu ta yi nisa da Sabo, ta koma bayan gari. Abin da baƙo zai fara cin karo da shi a bakin titi shi ne 'yan canji suna ɗaga wa motoci hannu, da masu tsire waɗanda hayaƙinsu kan tashi tun daga la'asar, da masu goro da dabino da turare. Amma wanda ya bar babban titi ya kutsa cikin lunguna, zai tarar da wata sana'a wadda ba ta da hayaniya. A zaure, ko a ƙarƙashin rumfar kwano, ga mutum zaune bisa tabarma ya miƙe ƙafa, ya sunkuyar da kai, allura tana shiga tana fita. Kusa da shi akwai jaka ko akwatin ƙarfe. Wanda ya sami izinin leƙa wannan akwati, ba ɗinki ɗaya zai gani ba. Zai ga hula an yi rabi, da wata an zana ba a fara ba, da aljihun babbar riga wanda ya rage kaɗan, da wuyan wata rigar da ke jiran zare, kowanne an naɗe shi dabam. Wuya ne a sami maɗinkin hannu mai aiki ɗaya tak a gabansa.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce wannan haɗama ce, tun da Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To, amma akwai dalili. Babbar riga mai aska takwas, in da hannu za a yi ta yadda ya kamata, takan ci watanni. Hula mai kyau irin Zanna Bukar, wadda ta samo suna daga Zanna Bukar Dipcharima, ministan nan na Jamhuriya ta Farko, takan ci makwanni. Iyali kuwa ba sa jiran watanni kafin su ci tuwo. Saboda haka maɗinki kan kasa aikinsa kashi uku. Akwai aikin cefane, watau ƙananan abubuwa kamar gyaran wuyan riga ko hula mai sauƙin zane, wanda za a gama cikin kwana biyu ko uku a karɓi kuɗi. Akwai aikin alkawari, wanda mai shi ya kawo yadinsa, ya ba da kafin alƙalami, aka yanka masa rana. Sa'an nan akwai aikin ajiya, wanda maɗinki ya sayi yadi da zare da kuɗinsa, yana taɓawa in ya sami sarari, ranar da ya ƙare ya sayar wa wanda ya fi tayi. Wannan na uku shi ne asusunsa, kuma a cikinsa yakan zuba iyakar gwanintarsa, domin ba mai tsaye a kansa.

Dalili na biyu shi ne ido. Ba kowane ɗinki ake yi a kowane lokaci ba. Da hantsi, sa'ad da haske ya yi kyau, ido kuma bai gaji ba, shi ne lokacin aiki mai ƙananan huji, irin wanda in allura ta kauce da zare ɗaya sai an warware. Bayan azahar, in jiki ya yi nauyi, sai a ɗauko cike, watau wurin da an riga an ja iyaka, hannu kawai ke tafiya, har ana iya yi ana hira. Da almuru kuwa ba a taɓa baƙin zare a kan shuɗin yadi, sai fari a kan fari ko a ajiye gaba ɗaya. Wanda ya ɗaure kansa ga aiki guda, rabin yininsa zai tafi a banza. Wanda ke da uku ko huɗu, kowace sa'a tana da abin da ya dace da ita.

Dalili na uku shi ne riga ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai mai zane, wanda sau da yawa malami ne da hannunsa ya saba da alƙalami, shi ke fitar da aska da tambari da dagi a kan yadi. Akwai mai surfani, akwai tela mai haɗawa, akwai mai wanki, sa'an nan masu bugu waɗanda ke shimfiɗa ta bisa gungume su buga har ta yi ƙyalli. In riga tana wurin mai zane, maɗinki ba zai naɗe hannu yana jira ba. In zaren da aka fara da shi ya ƙare a kasuwa, dole a jira irinsa ya zo daga Kano ko Ikko, domin launi in ya saɓa ko kaɗan, rana za ta tona. Duk wannan jira, wani ɗinkin ke cike shi.

Badun kuma ta ƙara wa sana'ar nata sharaɗi. Daminarta doguwa ce, takan fara tun wajen Maris ta kai Oktoba, iska kuwa da laima. Yadin da aka naɗe aka manta da shi a akwati yakan yi fumfuna, allurar da aka bari soke a jikin farar shadda takan yi tsatsa ta bar tabo. Hular da aka wanke aka sa wa sitaci, wadda a Kano za ta bushe kafin azahar, a nan sai ta kwana. Don haka maɗinkin Sabo ba ya iya jibge aiki ya juya masa baya kamar yadda takwaransa na Zariya zai yi da rani. Tilas ne lokaci lokaci ya buɗe akwati, ya warware kowane ƙunshi ya sha iska. Wannan tilas ta zama masa alheri, domin abin da ido ke gani kullum ba a mantawa da shi.

Masu kawo aiki ba Hausawa kaɗai ba ne. Bayarabe mutum ne mai son agbada, kuma tun da daɗewa hannun Hausawa da Nufawa yana cikin adon da ke ƙirjinta. Ko sunayen tufafin sun nuna daɗewar cuɗanya: abin da Bahaushe ke kira tsamiya shi ne sanyan a wurin Bayarabe, saƙi shi ne etu, alharini kuwa alaari. Daga kasuwar Oje, wadda ta yi suna wajen cinikin aso oke, yadi kan biyo hanya ya zo hannun mai allura. Sai dai wannan kasuwa mai faɗi tana da nauyinta. Yarbawa ba sa wasa da biki, in an yanka anko an sa rana, ranar ba ta matsawa. Ga kuma Salla biyu, tsakanin Ƙarama da Babba, wadda Yarbawa ke kira Ileya, kimanin kwana 70 ne kacal. A wannan tsakani ne ake gane maɗinkin da ya san ƙarfinsa da wanda bai sani ba.

Domin kuwa a nan haɗarin yake. Karɓar aiki ta fi gama shi daɗi. Sabon yadi yana da kwarjini, sabon zane yana jan rai, kuɗin kafin alƙalami kuma yana shiga aljihu nan take. Tsohon aiki kuwa, wanda an kai wurin da ya zama maimaici, gundura yake yi. Sai mutum ya karɓi na shida alhali na farko bai kai rabi ba, ya ci kuɗin zaren wannan ya sayi na wancan. Ranar jajibere sai ga mutum uku a ƙofar zaure, kowa da ranar da aka yanka masa, maɗinki kuwa ya aiko yaro ya ce ba ya nan. A unguwa irin Sabo, inda kowa ya san maigidan kowa, kuma ana haɗuwa a sahu ɗaya sau biyar a yini, irin wannan labari ba ya kwana. Ba rigar kaɗai ke lalacewa ba. Wanda ya kawo baƙon ya ce ga gwani, shi ma an zubar masa da mutunci, gobe ba zai sake kawo wani ba. Alkawari kaya ne, a ƙasar baƙunci kuwa nauyinsa ninki biyu ne, domin in ɗaya ya saɓa sai a ce halin Hausawa ne.

Dattawan sana'ar suna da hanyoyin da suke kare kansu. Na farko, ba a haɗa manyan ayyuka biyu masu rana ɗaya. Na biyu, zaren kowane aiki a cikin ƙunshinsa yake kwana, ba a ara daga wannan a kai wancan. Na uku, aikin da ya kusa ƙarewa shi ke da haƙƙin safiya, ko da wani ya fi shi kuɗi, domin riga mai saura kaɗan da wadda ba a fara ba duk ɗaya ne a wurin mai ita. Na huɗu, in akwati ya cika, sai a faɗa wa mai kawo aiki gaskiya, a nuna masa zauren wani. Wanda ya mai da aiki yau, ana dawo masa da wani gobe. Yaron da ke koyo kuwa ba a ba shi biyu sai ya gama ɗaya tun daga zane har wanki, don ya ɗanɗani daɗin gamawa kafin ya saba da daɗin farawa.

Wannan cuta ta fara abu da yawa ba ta Sabo kaɗai ba ce. A Ingila akwai masu sha'awar wani wasa na 'yan mutum-mutumin sojoji, waɗanda tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba. Sukan saye su, su zauna da ɗan buroshi suna shafa musu launi ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan su jera su bisa tebur su gwabza yaƙi bisa ƙa'ida, kamar yadda 'yan dara ke yi da 'ya'ya 12 kowane gefe a gidaje 30. Marubucin nan H. G. Wells ya wallafa ƙa'idojin irin wannan wasa tun 1913, kamfanin Games Workshop da aka kafa a 1975 kuma ya mai da shi babban ciniki. Kukan da masu wannan sha'awa suka fi yi shi ne runduna ta biyu da ta uku sun shigo gida tun ba a gama shafa ta farko ba. Bambancin kawai, su abinsu ne, in sun bari shekara goma ba mai bin su bashi. Maɗinkin Sabo kuwa yadin wani ne a hannunsa.

Sana'ar tana fuskantar matsi. Keken surfani, da injin da kwamfuta ke sarrafawa, suna fitar da wuyan riga cikin sa'o'i, da araha kuma. Samari da yawa sun ga canji ko acaɓa sun fi kawo kuɗin yau, ba su ga dalilin zama shekaru suna kashe ido ba. Duk da haka aikin hannu bai rasa masu nemansa ba. Sarakuna da attajirai da angwaye, na Hausa da na Yarbawa, sun san in an juya riga aka dubi bayanta, nan take ake gane abin da hannu ya yi da abin da inji ya yi. Su ne ke riƙe da sauran masu allura.

Saboda haka mai karatu in Allah ya kai shi Badun, bayan ya yi canjinsa ya ci tsirensa, ya daure ya shiga lungu ya yi sallama a ɗaya daga cikin zaurukan nan. In yana da niyyar ba da ɗinkin Salla, to, ya kai tun watan Rajab, ya biya kuɗin zare cikakke, ya kuma tambayi ayyuka nawa ne a gabansa. Maɗinkin da ya buɗe akwati ya ƙirga masa su ɗaya bayan ɗaya, ya ce sai bayan waɗannan, shi ne wanda ya kamata a bar wa yadi.