Abin Da Kanwa Ta Yi Wa Kifina

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wata hasara da na yi, ko Allah ya sa wani ya tsira da abin da ya same ni.

A bazarar 1 ga shekarar da na bar koyarwa, watau 2023, na gina kwami na siminti a wani ɗaki a gidana nan Rijiyar Zaki, na zuba 'ya'yan karfasa 300, da nufin in sami abin cefane. Ruwan kuwa daga rijiyar burtsatse nake jawo shi, ya zuba cikin kwamin kai tsaye. Garai yake kamar hawaye, saboda haka ban taɓa zarginsa ba. Na kuma rufe tagogin ɗakin don tsoron kyanwa.

Ba a daɗe ba sai na lura, kullum in na komo daga sallar asuba, kifin duk sun taso sama suna buɗe baki, ba su kula da abinci. Wani maƙwabcina, mutumin kirki, ya ce tsami ne ya yi wa ruwan yawa, in yi masa abin da mata ke yi wa miyar yakuwa. Na jiƙa kanwa cikin kwano na juye gaba ɗaya. Kafin la'asar kifi 140 sun juya ciki sama.

Da na kai kukana wurin wani tsohon almajirina wanda ya karanta ilmin kifi, sai ya zaunar da ni kamar yadda na saba zaunar da shi. Ga abin da na koya.

Tsamin ruwa yana da ma'auni, ana kiransa pH, wanda wani masani mai suna Sorensen ya ƙago a ƙasar Denmak cikin 1909. Lambobinsa daga 0 ne zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki; ƙasa da ita ɓangaren tsamiya ne, sama da ita ɓangaren kanwa. Kowane taki ɗaya ninki goma ne. Kifin tafki ya fi jin daɗi tsakanin 6.5 da 9. Wanda ke so ya gani da idonsa ya ɗiga ruwan kanwa cikin zoɓo, ya ga yadda jansa ke rikiɗa.

To, me ke kawo tsamin? Ita ce iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda masana ke kira kabon dayoksaid. In ta narke cikin ruwa sai ta zama ɗan tsami. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan zo da ita da yawa, ga ƙarancin iskar oksijin wadda rai ke bukata. Kifi kuma suna ƙara ta da numfashinsu. Gansakuka tana shanye ta da rana in akwai haske, da dare kuwa ita ma fitar da ita take yi, shi ya sa wahalar ta fi tsanani da asuba. Ni ga shi na toshe tagogi, na hana haske da iska. Da muka auna ruwan rijiyata 6 ne, wanda na zuba wa kanwa kuwa ya haura 9. Watau cikin sa'a guda na sauya musu ruwa fiye da ninki dubu. Banda wannan, gubar amoniya da ke fita daga jikin kifi da kashinsa ƙarfinta ƙaruwa yake in lambar ta hau.

Ya gaya mini har masu kiwon kifin teku cikin akwatin gilashi da ruwan gishiri, a Ingila da Amurka, wannan ce damuwarsu. Ruwan teku wajen 8.1 yake, su kuwa in hunturu ya sa sun rufe ɗakunansu, numfashin mutanen gida ya isa ya saukar da lambar, maganin farko kuwa shi ne buɗe taga. Tekun kansa daga wajen 8.2 ya sauko, domin hayaƙin gawayi da man fetur da duniya ke ƙonawa.

Yanzu ga yadda nake yi. Ruwa yakan kwana cikin tanki a buɗe, sa'an nan ya sauko ta cikin daro mai huji, ya tarwatse kamar yayyafi, mugunyar iskar ta fice, mai kyau ta shiga. Tagogi a buɗe suke, da waya a jikinsu. Na rataya ɗan buhu na dakakken dutsen farar ƙasa cikin ruwan, yana narkewa sannu sannu. Ina aunawa da asuba da la'asar, ina rubutawa a littafi. Ban ƙara sauya ruwa duka a lokaci ɗaya ba, ban kuma ba su abincin da ya fi ƙarfinsu. Sauran 160 sun rayu, na sayar, na sake zubi.

Ya ku 'yan'uwa, ban ga laifin maƙwabcina ba, domin tsamin da ya faɗa gaskiya ne. Laifina ne da na ba da magani ban auna ba, alhali shekara da shekaru ina koya wa yara awo. Takardar awon nan kuɗinta bai kai na kifi goma ba. Duk mai niyyar kiwon kifi ya saye ta tun bai sayi kifin ba.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Tsohon Malamin Makaranta,
Rijiyar Zaki, Kano.