Tsakaninmu: Ku Leƙa Sarayebo

To, tunda an watse saura mu kaɗai, ku matso ku ji. Duk wanda Allah ya hore wa 'yan kwanakin hutu da ɗan abin hannu, ya ƙyale Dubai ta sarara, ya nufi Sarayebo, babban birnin Bosniya. Daga Istanbul jirgi ba ya cika awa biyu.

Malam, na ga ka ɗaga gira. Na sani, mu da muka tashi da rediyo a kunne, da an ambaci sunan nan sai yaƙi ya faɗo mana a rai. Amma garin ya girmi yaƙin da fiye da shekara 500, kuma abin da ya kafa shi ne ya fi tsaya mini: wakafi.

Gari ne a cikin kwari, duwatsu sun yi masa ƙawanya, kogin Miljacka ya ratsa ta tsakiya. A wajen 1462 wani gwamnan Turkawa, Isa-beg Ishaković, ya gina masallaci da gada da masaukin baƙi, ya bayar da su wakafi. Bayansa Gazi Husrev-beg ya zo ya ɗora: babban masallaci a 1531, makaranta a 1537, da ɗakin girki na ciyar da matafiya. Dabararsa ita ce ya gina shaguna ya ce kuɗin hayarsu su riƙa ɗaukar nauyin sauran. Dauloli sun zo sun shuɗe, amma har gobe ana karatu a makarantar nan. Kusa da masallacin akwai hasumiyar agogo da ke buga ƙarfe 12 daidai faɗuwar rana, sai an riƙa hawa ana saita ta domin magariba ba ta tsayawa wuri guda.

Ku fara da tsohuwar kasuwa, Bashcharshiya. A layin maƙeran tagulla za ku ji guduma tun daga nesa, har kwanson harsashin yaƙi suke sassaƙawa su mai da shi abin ado. Ku ci cebabi, niƙaƙƙen naman sa da ake gasawa a cusa cikin burodi mai laushi da ɗanyar albasa. Sannan ku zauna shan gahawa. Kada ku kwankwaɗe ta ku miƙe, a can shan gahawa zama ne na hira.

Daga nan ku bi titin Ferhadija da ƙafa. Ba za ku ankara ba sai ku ga ƙananan shagunan Turkawa sun ƙare, manyan benaye irin na Turai sun fara, aikin 'yan Ostiriya da suka karɓi ƙasar a 1878. Kafin ƙafa ta gaji kun wuce masallaci, da cocin Katolika, da na Otodoks, da wurin ibadar Yahudawa na 1581. Kakannin Yahudawan nan daga Sifaniya aka koro su a 1492, daular Turkawa ta ba su mafaka. A Yaƙin Duniya na Biyu, da 'yan Nazi suka zo neman wani tsohon littafinsu mai daraja, Musulmi ne, Derviš Korkut, ma'aikacin gidan tarihi, ya fitar da shi aka ɓoye. Yau littafin yana gidan tarihin ƙasar. Ga kuma Gadar Latin, inda a bakinta Gavrilo Princip ya harbe yariman Ostiriya Franz Ferdinand ranar 28 ga Yuni, 1914, abin da ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Farko.

Ga wadda ba a cika faɗa wa 'yan yawon buɗe ido ba. Cuɗanyar addinan nan ta fi yawa a gine-gine fiye da cikin unguwanni, domin yaƙi ya tace garin, yanzu mafi yawan mazauna Musulmi ne. Daga 1992 zuwa 1996 sojojin Sabiyawan Bosniya sun hau duwatsun nan suna ruwan wuta, mutum fiye da 11,000 suka rasu. Garin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1984, sai ga shi ana haƙa kaburbura a filin wasa. Ta wani rami mai tsawon kusan mita 800 a ƙarƙashin filin jirgi aka riƙa shigo da abinci, kuma wani ɓangarensa na nan ana ziyarta. Duk wanda ya san Jos kafin rikici da bayansa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Don Allah kada ku tsare mutum da tambayar yaƙi. In ya ga dama, da kansa zai ɗauko.

Da la'asar ku hau motar igiya zuwa dutsen Trebević, wadda aka sake buɗewa a 2018, ku hango garin gaba ɗaya. In a azumi kuka je, ku haura ganuwar Žuta Tabija, inda ake buga igwa a sha ruwa. Wanda ba ya shiri da sanyi ya bari sai tsakanin Mayu da Satumba, kuma ya nemi biza tun da wuri.

Ni dai abin da nake ta juyawa shi ne Gazi Husrev-beg ɗin nan da ya rasu tun 1541, amma dukiyarsa na ci gaba da koyar da yaran mutane. Mu kuwa attajiri na rufe ido, kafin sadakar arba'in magada sun kai juna kotu. Alhaji, ba da kai nake ba, amma cikin shagunan nan naka na kasuwar Kwari, ko guda ɗaya ka ware wa Islamiyyar unguwa, a rubuta, a sa shaidu. Zuba mana shayin, ka yi tunani.